Safiyar Mai Keke da Yammarta

"Lafiya ƙalau, kuma ban aike ki tambayar gwiwata ba. Gwiwar da ta ƙare rayuwarta tana taka burki ba ta neman jajen zabuwa."

Da haka tsohon direban ya amsa gaisuwar jikarsa, ƙafa ɗaya a cikin shago, ɗaya a waje, yana riƙe da ƙofar gilashi yana maida numfashi. Shagon turare ne ɗan ƙarami, a matse tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da takalma. Kantoci ne na gilashi da madubi a bayansu don kwalaben su ninka a ido, ga fanka a sama tana juyi kamar an tilasta mata, sai kujerar roba guda da aka ajiye don mazajen da ke rako matansu su zauna su yi ta duba agogo. Yarinyar ce ke tsaron shagon. Tun tana rarrafe ya laƙa mata Zabuwa saboda bakinta ba ya hutawa, sunan kuma ya bi ta har girma.

Tun da aka ɗauke ta aikin nan bai taɓa takowa ba. Yau kuwa ya sa rigarsa ta fita, ya goge takalmi, ya hau motar haya ya zauna a baya kamar kowa, yana ta gyara wa direban tuƙi a zuci. A aljihunsa na gefe akwai wata 'yar leda a ƙulle, kuma tun daga gida hannunsa bai bar wajen ba.

"To shigo mana, Tsoho, kana fitar mana da ƙamshi a banza. Ko ƙofar ce ta fi ƙarfinka?"

"Ina duba ne ko akwai babba a ciki. Ashe babu kowa."

"Babu kowa sai amaryarka, wadda ka yi wata da watanni ko sabulu ba ka aiko mata ba."

"Amaryar da ta manta hanyar gidan mijinta? Ni ai na ɗauka kin gudu, har na fara neman wata."

Ya ga maganar ta same ta, don ta sunkuya tana goge gilashin da ba shi da datti. Tun rasuwar kakarta, a waya yarinyar ke gaishe shi, gidan kuwa sai dai ta wuce ta bakin layi. Bai zo don tono wannan ba, sai ya yi maza ya zauna a kujerar robar, yana ƙorafin cewa an yi ta ne don marasa ƙashi.

"Banza ba ta kai zomo kasuwa," in ji ta. "Me ya fito da kai?"

"Turare zan saya."

"Na gemu ko na korar sauro?"

"Na mata."

Ta ajiye tsumman. "Na mata. Wace mai tsautsayin ce?"

"Ba ruwanki. Wata ce 'yar gayu, ga gida ga mota. A layin asibiti ta gan ni, ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin mai kyan tafiyata ba."

"Asibitin ido, ko?"

"Hassada ga mai rabo taki ce."

"Allah ya ba ta lafiya. In ta warke ta gan ka da kyau, kada ka dawo min da kaya, ba ma karɓa. To wane iri take so, ita wannan mai larurar?"

Ya gyara zama. Ya shirya amsar nan tun a mota, amma da ya buɗe baki sai ta fito masa a hargitse.

"Mai laushi. Wanda ba ya ihu. Kamar hoda, amma ba hoda ba. Kin san in aka yi guga aka ninke kaya aka jera, ka shigo ɗakin daga waje? To da wannan, da wani ɗan zaƙi a ƙasa, irin na madara mai ɗumi. Ba ka jinsa daga ƙofa. Sai ta matso ta ajiye maka ruwa."

Zabuwa ta zuba masa ido. Labarin zuciya a tambayi fuska, shi kuma tasa ta riga ta gama ba da labari.

"Tsoho, mene ne a aljihunka?"

"Hannuna."

"Ƙarƙashin hannun."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya zaro ledar, ya daɗe yana kwance ƙullin da yatsunsa masu kauri, ya fito da ɗankwali ruwan toka mai ɗigon fari. Na matarsa ne, kakar yarinyar, wadda jikoki ke kira Inna, shi kuma yake ce mata Mai Keke saboda ɗinki ne sana'arta. Damina biyu ke nan da rasuwarta. Ɗankwalin shi ne wanda ta rataye a ƙusa kusa da keken ranar da ta yi ɗinkinta na ƙarshe, kafin ciwo ya kwantar da ita, ya kuma raba ta da turare gaba ɗaya, don ko ƙamshin sabulu tayar mata da tari yake yi. Tsohon ne ya ɗauke ɗankwalin ya ƙulle a leda. Ba ya buɗewa sai kewa ta ci ƙarfinsa, kuma ko ya buɗe, shaƙa ɗaya yake yi ya mayar, kamar mai tattalin magani.

"Makon jiya na buɗe," in ji shi. "Leda na ji, sai katakon durowa. Na kwanta ina nemansa a kaina, ban same shi ba. Hotonta yana bango. Muryarta tana cikin wayar babarki, in na so a kunna min. Ƙamshin ne kawai ba a yi masa ma'aji ba, kuma shi ne yake guduna."

"Kwalbar fa?"

"Ta bi rabon kaya, ban san wa ta faɗa wa ba. Sunan kuma kada ki tambaye ni. Na san lambar kowace mota a tasha, amma ban taɓa juya kwalbar matata na karanta ba."

Yarinyar ta jawo ɗan benci ta taka, ta miƙa hannu can bayan kanta ta sama, ta sauko da wata kwalba zagayayya mai murfi ruwan hoda. Da ƙura a kafaɗar kwalbar. Ya lura duk sauran kwalaben shagon suna sheƙi, wannan ce kaɗai aka tura baya aka ƙi taɓawa, kuma bai buƙaci a gaya masa wanda ya tura ta ba.

"Ga shi. Miƙo ɗankwalin in fesa."

Ya janye shi zuwa ƙirjinsa da saurin da bai san yana da sauransa ba. "Kul. In ba shi ba ne fa? Ki kashe min ɗan abin da ya rage?"

"Kai ka ce babu abin da ya rage."

"Na ce ban ji ba. Ban ce babu ba."

"To kawo hannun rigarka."

"In koma unguwa ina ƙamshin mata, tsofaffin bakin titi su samu abin yi har ƙarshen shekara? Ki fesa wa kanki, ke da ba ki da mutuncin da zai zube."

Ta harare shi, ta cire murfin. Ya ga ta ɗan tsaya, yatsa a kan mafeshin, kamar mai shirin shiga ruwan sanyi. Sannan ta fesa sau biyu a wuya, sau ɗaya a gefen gyalenta, ta miƙo masa gefen.

Ya rufe ido ya shaƙa da dukan zuciyarsa, sai zuciyar ta faɗi. Tuffa ce ta fara dukan hancinsa, da lemon zaƙi wanda aka ɓare yanzu, da wani abu kamar nunanniyar gwaba. Ƙamshi ne mai zaƙi da rawar kai, irin na yarinyar da ta shigo ɗaki da gudu ba sallama. Babu laifi a cikinsa, sai dai babu Mai Keke.

"Turare na ce, ba teburin mai kayan marmari ba. Wannan in kika fita da shi ƙudan zuma ne za su raka ki gida."

"Inna ce wannan."

"Ba ita ba ce."

"Wallahi ita ce." Ta ajiye kwalbar ta ɗora. "Kullum da safe in za ni makaranta, a tsakanin gwiwoyinta nake tsayawa ta gyara min maɓalli. Ta fesa biyu a wuya, ta ce in rufe ido, ta fesa min ɗaya a ka. Har a aji ana ce min mai lemo."

"Na zauna da matar nan tun babarki ba ta zo duniya ba. Ban taɓa jin tana ƙamshin lemo ba."

"Hanci bai san daɗin gishiri ba. Balle naka, da ya sha hayaƙin mota har ya ƙoshi. Kai da za a sa maka taya a wuta ka ce a ƙaro."

"Hancin nan shi yake jiyo ƙaurin burki tun fasinja bai san zai mutu ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Hange daban, shinshina daban. Tsoho, mota tana tashi da giyar ƙarshe?"

"Sai dai ta mutu a wurin."

"To turare ma haka yake. Yana da kai, yana da ciki, yana da ƙasa. Wannan da ka ji kansa ne, sallama kawai ya yi maka, ba ya daɗewa. In ya wuce, na ciki ya fito. In shi ma ya gaji, sai na ƙasan ya zauna, shi ne mai kwana a tufafi. Kai kuma ka ji sallama ka rufe ƙofa. Sauri kan haifi nawa."

"Haka kuke gaya wa mutane in kun sayar musu da ruwan lemo? Su je gida su jira?"

"Zauna ka gani. In na tashi rufe shago ba ka ji abin da ka zo nema ba, ka sake ni."

"Saki uku."

"Har da na gyara. In kuwa ka ji, za ka tsaya a ƙofar nan ka gaya wa mai takalma cewa hancina ya fi naka."

"Ba girin-girin ba dai, ta yi mai."

Ya zauna. Ya gaya wa kansa cewa don ya kunyata ta ne, amma gaskiyar ita ce babu abin da ke jiransa a gida sai agogon bango da keke a rufe da zani. A nan kuwa ko ba komai akwai mai yi masa rashin kunya, kuma ya daɗe bai samu mai yi masa ba. Tun rasuwar, kowa lallaɓa shi yake yi kamar ƙwai, abin har ya ishe shi.

Rana ta ɗaga. Masu saye suka riƙa shigowa ɗaya-ɗaya, shi kuma ya naɗa kansa mai ba da shawara ba wanda ya roƙe shi. Wata mata ta tambayi ra'ayinsa kan kwalabe biyu, ya ce ta farkon tana ƙamshin sabuwar kujerar mota, ta biyun kuma ta tsohuwa. Matar ta yi dariya ta ɗauki sabuwar.

"Kin gani? Ni na sayar. Ke sai surutu."

"Ka sayar da mai arha, ka kore mai tsada. In mai shago ta ji, kai da kujerar za ta fitar."

"Ta zo mana. Ƙila ita ma ta ga tafiyata."

"Ita idonta lafiya lau."

Bayan azahar ya dawo daga masallaci ya tarar ta ajiye masa ruwa. Ya sha, ya goge baki, ya yi kamar ya manta da zancen. Ita ce ta zagayo ta miƙo masa gefen gyalen, ya karɓa da yatsa biyu kamar an ba shi abin da bai so.

Lemon ya tafi, tuffar ma saura inuwarta. Abin da ya maye gurbinsu furanni ne: wardi a gaba, a bayansa wani farin fure mai sanyi irin wanda ke buɗewa a shingen gidajen mutane. Rawar kan ta kwanta. Ƙamshin ya zama na mace mai natsuwa wadda ta san abin da take yi. Ya yi masa kyau ƙwarai, har ya ji haushin kyan, don wannan ma baƙuwa ce.

"Mun bar mai kayan marmari, mun shiga lambu. In muka ƙara jira ƙila mu isa gidan gona. Fara haɗa kayanki, sakinki ya kusa."

Ta ja gyalen ta kai hancinta don ta rama, sai maganar ta tsaya mata. Ta sake shaƙa.

"Ni ma ban san wannan ba."

"Alhamdu lillahi. Zabuwa ta faɗi gaskiya, yau za a yi ruwa."

"A'a, na san shi a takardar gwaji, na san shi a jikin masu saye. A jikin Inna ne ban san shi ba." Ta dubi agogon shagon. "War haka ina makaranta."

War haka shi kuma yana kan hanya, da fasinja a bayansa da rana a gilashi. Duk tsawon zamansu da Mai Keke, fitilun titi ba su mutu ba yake barin gida, ita ko wanka ba ta yi ba, sai dai ta miƙo masa shayi da ido rabi a rufe. Ba ya dawowa sai rana ta yi ja. Ranar hutu ma a gareji take ƙare masa, a ƙarƙashin mota. Bai ajiye tuƙi ba sai da ta kwanta ciwo, lokacin kuwa an riga an ɗauke kwalbar daga gaban madubi.

"Ni ban taɓa ganin tana fesawa ba," ya ce a hankali. "Ko sau ɗaya."

"Ni kuma kafin ka dawo an zo an tafi da ni gida."

Suka dubi juna. Fanka na ta juyinta. Ya hango Mai Keke a ransa, ita kaɗai a ɗaki da tsakar rana, ƙafa a kan keke, allura a baki, tana ƙamshin wardi ba mai ji. Shekara da shekaru ana wannan a gidansa, shi yana can yana faɗa da 'yan kamasho a kan kujera ɗaya. Kewarta ta taso masa sabuwa fil, har da kewar wannan matar ta tsakar rana da bai taɓa haɗuwa da ita ba.

"To wa take yi wa furannin?" ya tambaya, yana ƙoƙarin maida abin wasa.

"Keken ɗinki."

"Dama na daɗe ina zargin keken nan. Kullum suna tare, in na yi magana ta ce in bari ta gama layi."

"Tsofai-tsofai da kai kana kishi da ƙarfe." Ta gyara gyalen a kafaɗa. "Kanta ta yi wa, Tsoho. Ita ma mutum ce."

Ya ce dai har yanzu ba a kawo masa abin da ya zo saye ba, kuma sakin yana nan daram.

La'asar ta wuce, rana ta sauko ta shigo ta ƙasan ƙofa ta kwanta a kan takalmansa. Ciniki ya yi sanyi. Zabuwa na jera kwalabe tana ba shi labarin wata mai saye da ta shinshina rabin shago sannan ta ce dama wucewa take yi. Yana jin muryarta tana nisa tana nisa, kansa ya jingina da bango, hannunsa a kan aljihu. Barcin tsufa ba ya sallama.

Bai ji fitarta ba, bai ji dawowarta da kofin shayi daga mai shayin tsallaken titi ba. Abin da ya ji shi ne wani ya sunkuyo kusa da kafaɗarsa yana ajiye kofi a kan benci, gefen mayafi ya shafi kunnensa. Sai ga shi. Hoda mai laushi, da almiski kaɗan, da zaƙin nan na madara mai ɗumi a can ƙasa, duk sun kwanta a cikin zare sun gauraya da ɗumin jikin wanda ya wuni yana aiki. Ƙamshin bai yi ihu ba. Sai da ta matso.

"Mai Keke," ya ce, ido a rufe, "rufe keken nan haka, ki bar idonki ya huta."

Ya buɗe ido. Jikarsa ce a sunkuye, hannunta bai bar kofin ba, ta ƙame a wurin. Kwalabe, madubi, fanka. Ya ɗauki ɗan lokaci kafin ya dawo daga inda ya je, kuma bai so dawowar ba. Ya kama gefen gyalen da hannu biyu, ba da yatsa biyu ba, ya riƙe a fuskarsa. Ta bar shi. Can ya saki, ya zaro hankici yana goge ido.

"Fankar nan taku tana zubo ƙura."

"Sosai ma. Ni ma ta zubo min." Ta juya ta goge nata da bayan hannu, ta juyo. "To, Tsoho. Wa ya ci?"

"Shayin ne yake ƙamshi."

"Shayin ko madara babu, likita ya hana ka."

"To sabulun wankinki ne."

"In kira mai takalma, ko za ka taka da kanka?"

"Bar bawan Allah ya yi cinikinsa." Ya kurɓi shayin, ya ajiye. "Akwai sabuwa a kwali? Kawo. Ki naɗe ta da takarda mai kyau, irin wadda kuke yi wa masu hankali."

Ta ɗauko, ya biya ba tare da ya nemi ragi ba, abin da ya sa ta taɓa goshinsa ta ce ko zazzaɓi ne. Ta naɗe kwalin, ta ɗaura masa zare, ta miƙa masa da hannu biyu.

"A gai da mai ciwon ido."

Ya karɓa, ya juya shi, ya karanta sunan a ransa ta inda takardar ba ta rufe ba, sannan ya miƙa mata.

"Ungo."

"Ɗaurin bai yi ba?"

"Naki ne. In na kai shi gida me zan yi da shi? In fesa wa tsumma da safe, in zauna ina gadinsa har yamma? Na ga yadda abin yake. Sai an ɗauke shi an wuni da shi, an yi aiki, an yi surutu, sannan yake zama ita. Kuma tsumma ba ya kawo shayi." Ya kau da kai wajen ƙofa. "Ki fesa da safe, wannan rabonki ne, dama ke kika san shi. Na rana ki bar mata abinta. In kin rufe shago ki biyo ta gida da nawa."

Ta riƙe kwalin a ƙirji, ta daɗe tana kallon zaren.

"Gidan ne ba na iya shiga, Tsoho. In na ga keken nan a rufe, sai in ji kamar ranar ce."

"Na sani. Ni a ciki nake kwana."

Bai ƙara ba, don direba ya san inda ake sakin totur a bar mota ta gangara da kanta. A waje mai gyaran waya ya fara jan ƙofarsa.

"Wato dai," in ji ta daga ƙarshe, tana jan hanci, "ka rasa mai ciwon ido, ka mai da ni kwalba mai ƙafa."

"Kwalba mai baki dai. Da ana sayar da murfinki da na haɗa da shi."

"Kuma kullum sai na tarar da shayi. Ba ni zan dafa ba, ni amarya ce."

"Amaryar da saura ƙiris a sake ta."

"Amma ba a sake ta ba. Faɗi abin da ya hana."

Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ya manta yana da ita, har sai da ya dafa gwiwar da ya ce kada a tambaya.

"Na sha kaye. Hancinki ya fi nawa. Amma in mai takalma ya ji, na san wa ya gaya masa."

Ya zaro ɗankwalin ruwan tokan, ya ninke ledar ya jefa a kwandon shara, ya ɗora mata shi a kan kwalin. Ya ce ta riƙe wannan ma, a kai ya saba zama, shi ne ya takura masa a durowa.

Ta kashe fanka, ta ja ƙofa ta sa kwaɗo. Da suka sauka titi ba ta juya wajen tashar da take hawa mota ba, ta bi hanyar tasa. Suna cikin tafiya, iskar yamma na kaɗowa daga hagu, sai ya ɗan ja baya ya zagaya ya koma damanta.

"Me ya sa ka sauya gefe?"

"Rana nake guje wa."

"Tsoho, rana ta faɗi."

"To ki yi tafiyarki ki bar ni," in ji shi, ya ƙara matsowa kusa da kafaɗarta.